Katafilar da Injinta ke Baya: Tarihin Eimco da Wahalar Neman Kayan Gyaranta

A Hausa, duk motar ƙarfe mai tafiya bisa sarƙa tana ture ƙasa, katafila muke ce mata, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Sunan kamfanin Caterpillar na Amurka ne ya zauna a bakinmu, kuma tare da sunan sai wata siffa ta zauna a zukatanmu: dogon hanci a gaba inda inji yake, direba can baya a zaune, ga faffaɗar garma tana tokare da ƙasa. Ido ya saba da siffar har ba ma tambayar dalilinta. Amma a shekarun 1950 an yi wani kamfani a birnin Salt Lake na jihar Utah wanda ya juya tsarin. Ya ɗora direba a gaba, daf da garma, ya mayar da inji baya. Sunan kamfanin Eimco, kuma fitacciyar motarsa ita ce mai lamba 105.

Yau irin waɗannan motoci sun yi ƙaranci ƙwarai. Wanda ya ci karo da ɗaya a bayan wata tsohuwar mahaƙar duwatsu, ya kuma ƙudura tayar da ita, zai gamu da abin mamaki. Injin da ya haura shekara sittin, wanda kowa zai ɗauka shi ne zai ba da wahala, ana iya samun kayansa cikin 'yan kwanaki. Inda gumi zai zuba shi ne wajen neman littafin da ke ɗauke da lambobin sassan motar, da kuma haƙoran giyar da babu wanda ya taɓa ƙera irinsu sai Eimco kaɗai. Tarihin yadda aka kai ga haka yana koya mana wani abu game da tsawon ran injuna: wanda ya fi rinjaye a kansa shi ne takarda da yawan 'yan'uwa, ƙarfin ƙarfe yana biye ne a baya.

Gadon tarakta

Kafin a fahimci abin da Eimco ya yi, sai an san dalilin da ya sa inji ya zauna a gaba tun farko. Katafila ba ta fara rayuwa a matsayin mai ture ƙasa ba. A watan Nuwamba na 1904 Benjamin Holt ya gwada tarakta mai tafiya bisa sarƙa a Stockton ta jihar Kalifoniya, domin ƙasar noman yankin tana da laushi, manyan taraktoci masu ƙafafun ƙarfe suna nutsewa a cikinta. Aikin motar shi ne jan garmar noma. Mai ja kuwa a baya aikinsa yake, don haka aka zaunar da direba a baya, kusa da inda ake ɗaura abin da za a ja. A 1925 kamfanin Holt ya haɗe da na abokin hamayyarsa C. L. Best, aka sami Caterpillar.

Garmar ture ƙasa daga baya ta zo. Shekaru da dama wasu kamfanoni ne daban, irin su LaPlant-Choate da LeTourneau, suke ƙera ta, a ɗaura wa tarakta a gaba. Sai a tsakiyar shekarun 1940 Caterpillar ya fara ƙera tasa. Wato dai aikin ya koma gaba, amma kujerar direba ta tsaya inda noma ya ajiye ta. Direban katafila ba ya ganin bakin garmarsa, domin hancin inji ya tare masa. Yana leƙen kusurwoyinta ne ta hagu da dama, sauran kuma ya bar wa kunne da jiki: ƙarar inji idan ya ɗauki nauyi, da yadda kujera ke karkata a ƙarƙashinsa. Shi ya sa ƙwararren direba yake ɗaukar shekaru kafin ya goge.

Waɗanda suka fito daga rami

Mutanen Eimco ba su gaji wannan ɗabi'a ba, domin ba daga gona suka fito ba. Asalin kamfanin cinikin tsofaffin ƙarafa ne, wanda Nathan Rosenblatt, baƙo daga daular Rasha, ya fara a Salt Lake a ƙarshen ƙarni na 19. Daga baya shi da 'ya'yansa suka shiga sayen tsofaffin injunan haƙar ma'adinai suna gyarawa suna sayarwa, kuma daga haruffan farko na sunan kamfanin, Eastern Iron and Metal, aka haɗa kalmar Eimco.

Abin da ya ɗaga sunansu ya fito ne daga mahaƙar North Lily da ke Eureka a jihar Utah. A farkon shekarun 1930 wasu ma'aikatanta biyu, Edwin Burt Royle da John Spence Finlay, suka ƙirƙiro ƙaramin injin loda mai aiki da matsattsiyar iska, yana tafiya bisa dogo a cikin rami. Yakan cika cokalinsa da fasassun duwatsu a gaba, ya ɗaga shi ta saman kansa, ya juye a taragon da ke bayansa, ba tare da ya juya ba. A rami mai ƙunci, inda a da mutane ne ke kwasar duwatsu da shebur, wannan babban sauyi ne. Eimco ya karɓi ƙirar, a 1938 ya fitar da samfurin 12B, ya sayar da dubbai a ƙasashe masu yawa. A shekarar 2000 ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka ta sanya injin cikin jerin abubuwan tarihi na sana'arta.

Da wannan tunani na rami Eimco ya fito sarari. A cikin rami, mai tuƙi dole ya ga bakin aikinsa, kuma wurin juyawa kaɗan ne. Motar 105 ta farkon shekarun 1950 ta amsa buƙatun biyu. Direba yana zaune a gaba, yana kallon garma ko cokali kai tsaye. Inji yana baya, yana daidaita nauyin abin da aka ɗauka a gaba. Sannan ga tuƙi. A katafilar da aka saba da ita, idan za a karya kwana sai a yanke wa sarƙa ɗaya ƙarfi da kuloci, a danne ta da birki, ɗayar ta ja motar ta juya. A Eimco kowace sarƙa tana da sandarta, tana iya yin gaba ko baya ita kaɗai. Idan direba ya tura ɗaya gaba ya ja ɗaya baya, sai motar ta juya a inda take tsaye. An yi ta da garma, an yi ta da cokalin loda, kuma wasu samfura sun biyo ta, kamar 103 da 106.

Ba Eimco kaɗai ya yi tunanin mayar da inji baya ba. Tun a 1947 R. G. LeTourneau ya fitar da Tournadozer, mai ture ƙasa bisa manyan tayoyin roba guda huɗu, injinta a bayan direba. Amma a cikin masu tafiya bisa sarƙa, sunan Eimco ne ya fi haɗuwa da wannan tsari.

Abin da ya hana ta yaɗuwa

Kowane tsari da farashinsa. Kujerar da ke ba direba ganin garma ita ce kuma ke kai shi kusa da ƙura, da duwatsun da ke tsallake garma, da bishiyar da ake turewa. Wanda ke zaune a ƙarshen mota ya fi jin jijjiga idan ta hau tudu ta faɗa. Garma tana son nauyi a kanta domin ta shiga ƙasa mai tauri, inji a gaba kuwa yana ba ta wannan nauyi kyauta. Bayan mota ma ba wurin banza ba ne: nan ake ɗaura haƙorin tsaga ƙasa da na'urar jan igiyar ƙarfe, kuma direban da ke can gaba ya yi nisa da su.

Duk da haka, babban cikas ɗin a kasuwa yake. Ɗan kwangilar da ke gina hanya ba mota kaɗai yake saya ba. Yana sayen tabbacin cewa idan wani abu ya karye ranar Talata, dila zai kawo masa madadinsa kafin Alhamis. Caterpillar da International Harvester da Allis-Chalmers suna da dilolin da suka bazu ko'ina, da makanikan da suka san motocinsu, da direbobin da hannunsu ya saba. Eimco ya san masu mahaƙa, amma a fagen gina hanyoyi baƙo ne. Rundunar sojin Amurka ta sayi katafilolinsa, wasu har sun yi aiki a Biyetnam a shekarun 1960, sai dai hakan bai isa ya riƙe sana'ar ba. Kamfanin ya bar ta, ya mayar da hankali kan abin da ya fi ƙwarewa a kai, wato injunan rami da na tace ma'adinai da ruwa.

Tarihi ya ba shi rabin gaskiya. A farkon shekarun 1970 kamfanin JCB na Ingila ya fitar da injin loda mai sarƙa, samfurin 110, da inji a baya. A farkon shekarun 1980 Caterpillar da kansa ya fitar da 943 da 953 da 963 a kan wannan tsari, kowace sarƙa tana samun ƙarfinta ta matsin mai. A wajen loda, tunanin Eimco ne ya yi nasara. A wajen ture ƙasa, inji ya ci gaba da zama a gaba har yau.

Inda takardu suka ɓace

Mai neman bayani a kan tsohuwar Caterpillar yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kamfanin yana nan da sunansa tun 1925. Haruffan da ke farkon lambar jerin mota suna faɗin irinta: wanda ya ga 2U ya san D8 ce ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An sake buga littattafan sassanta, akwai kuma ƙungiyar masu tsofaffin motocin kamfanin.

Mai neman bayani a kan Eimco kuwa sai ya fara tambayar ina kamfanin ya shiga. A ƙarshen shekarun 1950 iyalan Rosenblatt suka sayar wa Ogden. Daga nan ya koma hannun Envirotech, sannan a farkon shekarun 1980 ya koma Baker International, wanda ya zama Baker Hughes a 1987. Daga nan aka raba shi. Sashen injunan rami ya tafi hannun Tamrock na ƙasar Finlan a 1989, Tamrock kuma ya shige cikin Sandvik na Suwidin a ƙarshen shekarun 1990. Sashen tacewa ya bi wata hanyar, ya je GL&V na Kanada, daga baya wani ɓangarensa ya isa FLSmidth na Denmak. Akwai kuma Eimco Elecon a Indiya, wanda aka kafa a shekarun 1970 yake ƙera injunan mahaƙa. Sunan yana raye a wurare da yawa, amma babu ɗayansu da ke ƙera katafila.

Abin lura a nan shi ne yadda ciniki yake tafiya. Mai sayen kamfani yana biyan kuɗi ne domin abin da ke kawo riba a lokacin. Zanen haƙoran giyar motar da aka daina ƙerawa shekara ashirin da suka wuce ba ya cikin lissafinsa. Bayanan wancan zamani kuwa a takarda suke, da zanen da ke cika manyan durowoyi, da sifofin katako da ake amfani da su wajen zubin ƙarfe, waɗanda ke cin wuri a sito. Duk lokacin da kamfani ya canja hannu ko ya tashi daga gini, wani yakan yanke hukunci a kan abin da za a ɗauka da abin da za a zubar, kuma kayan samfurin da ya mutu ne ke fara faɗawa juji. Tournadozer ma irin wannan tafiya ta yi: LeTourneau ya sayar da sashen ga Westinghouse Air Brake a 1953, daga can ya koma Dresser a 1984, ya ƙare a hannun Komatsu na Japan.

Sassa iri uku

Makanikin da ya san aiki ba ya kallon motar a matsayin abu guda. Yana rarraba ta ne bisa tambayar wa ya ƙera kowane sashe.

Kashi na farko shi ne abin da Eimco ya saya daga waje. Bai ƙera injinsa ba, na Detroit Diesel ko na Cummins yake sakawa. A nan sa'a take. Injinan Detroit masu lamba 71 sun fara fitowa a 1938, kuma an ci gaba da ƙera su har tsakiyar shekarun 1990. Lambar tana nufin kowace silinda tana ɗaukar inci kubik 71, kimanin lita 1.16. Mai silinda biyu da mai uku da mai huɗu da mai shida duk fistin ɗaya suke amfani da shi, da zobba iri ɗaya, da hannun silinda iri ɗaya. An saka su a jiragen ruwan saukar da sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, da tankokin yaƙi, da bas-bas, da janareta, da famfunan ban ruwa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: yawansu ya sa har yau akwai masu ƙera kayansu. Sai dai akwai tarko guda. An tsara waɗannan injuna yadda za a iya ɗaura na'urar hura iska da bututun hayaƙi a hagu ko a dama, kuma a sa inji ya juya ta kowane ɓangare. Injin da aka ciro daga janareta zai iya zama iri ɗaya da na katafila a suna, amma ya ƙi zama a mazauninsa. Don haka lambar da aka buga a jikin injin ta fi sunan motar amfani.

Boris da robobin tare mai da bututun mai duk cikin wannan kashi suke. Boris na Timken yana ɗauke da lambarsa a jikinsa, kuma wannan lamba ce ake kai wa mai shago, ba sunan Eimco ba. Idan ta goge, a auna faɗin ciki da na waje da kauri. Abin kiyayewa shi ne awon inci ne, ba milimita ba, haka ma zaren noti-noti. Wanda ya tilasta notin milimita a kan zaren inci ya ƙara wa kansa aiki.

Kashi na biyu shi ne abin da ke cinyewa a ƙasa: sarƙa, da ƙananan ƙafafun da take birgima a kansu, da babban haƙorin da ke jan ta. Waɗannan ana iya yi musu dabara. Ana cika ƙafafun da suka cinye da walda a sake feƙe su. Ana juya ƙusoshin sarƙa domin ɓangaren da bai ci ba ya fuskanci aiki. Idan sarƙar ta ƙare gaba ɗaya, sai a auna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, a nemi ta wata mota mai irin wannan awo, a yanke bakin haƙorin da ke ja a walda wanda ya dace da sabuwar. Kamfanoni irin su Berco na Italiya sun daɗe suna ƙera irin waɗannan kaya domin motoci iri-iri.

Kashi na uku shi ne abin da Eimco ya ƙirƙira da kansa, wato giyar da ke ba kowace sarƙa 'yancinta, da kaskon da take ciki, da haƙoran ƙarshe masu kai ƙarfi ga sarƙa. Ita ce abin alfaharin motar a ranar da aka sayar da ita, kuma ita ce ke ajiye ta yau. Babu wata mota da ta taɓa amfani da irinta, saboda haka babu kasuwar da za ta sa wani ya ci gaba da ƙera ta. Hanya biyu ce ta rage: a sami wata matacciyar Eimco a ciro daga jikinta, ko a kai karyayyen haƙori wurin masu sassaƙar ƙarfe su auna su yanka sabo. Ta biyun tana yiwuwa, amma ba tare da zane ba sai an yi hasashen irin ƙarfen da yadda aka gasa shi, kuma kuskure a nan yana nufin haƙorin zai sake karyewa, wataƙila ya tafi da maƙwabtansa. Shi ya sa masu tara tsofaffin motoci sukan sayi biyu domin su tayar da ɗaya.

Waɗanda suka adana

Takardun da suka tsira, mafi yawansu a hannun waɗanda ba su da riba a cikin lamarin suka tsira. Soja na kan gaba. Duk motar da rundunar Amurka ta saya sai an tanadar mata littafin aiki da na gyara da na sassa, kuma littattafan sassa na soja sukan nuna lambar ainihin kamfanin da ya ƙera kowane abu. Wannan yana warware babbar matsala, domin yana tona asirin wane sashe ne na Eimco, wane ne kuma aka saya aka liƙa masa sabuwar lamba.

Ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka shi ma taska ne. Duk wanda ya nemi a kare masa ƙirarsa sai ya zana ta ya bayyana yadda take aiki, kuma zanen a buɗe yake ga kowa. Ba ya ba da awo, amma yana nuna abin da ke cikin kasko kafin a kwance shi. Akwai kuma ƙungiyar adana tarihin injunan gine-gine mai cibiya a Bowling Green ta jihar Ohio, wadda ke da gidan tarihi da ɗakin ajiyar littattafan gyara da takardun talla na kamfanonin da suka shuɗe. Tsofaffin mujallun 'yan kwangila da na masu mahaƙa suna taimakawa wajen gane shekarar da samfuri ya fito. Daga ƙarshe akwai mutane: tsohon makanikin dila, ko sojan da ya tuƙa motar yana saurayi. Wanda ya tuƙa ta a 1966 yana ɗan shekara ashirin, yau ya kai tamanin ko yana dab da ita, kuma abin da ya sani bai shiga kowane littafi ba.

Ga mai sayen inji yau

Wannan labari na Amurka ne, amma tambayar da ke cikinsa tana gaban duk injiniya ko jami'in da ke sa hannu a takardar sayen manyan injuna. Farashi da ƙarfin inji su ake dubawa, su ne kuma suka fi sauƙin kwatantawa. Ba kasafai ake tambayar injin wane kamfani ne a ciki ba, ko motoci nawa ne ke amfani da irinsa, ko waɗanne sassa ne babu mai ƙera su sai wannan kamfani, ko kuma za a miƙa littafin sassa tare da makulli. Injunan yau sun ƙara wani sashe a kashi na uku, wato kwamfutar da ke sarrafa su da manhajar da ke cikinta. Haƙorin giya ana iya auna shi a yanka sabo, manhajar da kamfaninta ya rufe kuwa babu maƙerin da zai sassaƙa ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Littafin sassa yana da araha a ranar da mota take sabuwa, kuma a ranar ce ya kamata a karɓe shi, a kwafe shi, a rubuta lambar mota da ta inji da ta giya a bangonsa, a ajiye shi inda canjin shugabanci ko tashi daga ofis ba zai kai shi juji ba.